Waiwaye: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Tunawa a Shafin Intanet?

A farkon shekarar 2002 kamfanin Microsoft ya fitar da ASP.NET, wani ginshiƙi na gina manhajojin intanet, ya haɗo shi da alkawarin da ya faranta wa dubban masu rubuta manhaja rai. Akwai tarin mutanen da suka goge a Visual Basic, waɗanda suka saba su jawo maɓalli da akwatin rubutu su ɗora a allo, su danna sau biyu, su rubuta abin da zai faru in an taɓa maɓallin. Su aka ce wa su zo su gina shafukan intanet kamar yadda suka saba gina manhajar da ke zaune cikin kwamfuta ɗaya, ba sai sun wahalar da kansu wajen sanin yadda burauza ke magana da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ba. Scott Guthrie da Mark Anders ne suka ja gaba wajen tsara shi, kuma a ganina sun cika alkawari. Bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati a ƙasashe da dama sun gina shafukansu a kansa, wasu suna nan suna aiki har yau. Dabarar da ta sa alkawarin ya yiwu ita ake kira ViewState, kuma bayan shekara 20 da ɗoriya ana iya zama a yi lissafin wanda ya ci moriyarta da wanda ya biya kuɗinta.

Asalin matsalar ya girmi ASP.NET. Ƙa'idar HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, don ɗauko takardu aka yi ta. Burauza ta ce a ba ta shafi kaza, sabar ta miƙa mata, shi ke nan an sallami juna. In burauzar ta dawo bayan daƙiƙa ɗaya, sabar ba ta san ta ba, baƙuwa ce sabuwa fil. Wannan mantuwa ita ce ta sa na'ura ɗaya ke iya sallamar dubban mutane ba tare da ta cika da tarihin kowa ba. Amma da aka fara saye da sayarwa, da cike fom mai shafi uku, da shiga da kalmar sirri, sai ya zama dole wani ya riƙa tunawa. A 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya fito da kuki, ɗan guntun rubutu da bai wuce kilobait 4 ba, wanda sabar ke ba burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa haɗo shi da kowace buƙata.

Abin da akasari aka yi da kukin ya yi kama da tsarin katin asibiti. Ana ba majinyaci ɗan kati mai lamba ya tafi da shi gida, fayil ɗinsa kuwa yana ofishin ajiya. In ya dawo ya nuna kati, a lalubo fayil. Kukin lamba kawai yake ɗauke da ita, bayanan mutum suna ma'adanar sabar. Da wannan an san wane ne ya dawo, amma ba a san halin da ya bar shafin a ciki ba. Wane layi ya zaɓa a jadawali? Wace jiha ya ɗauka har aka cika masa jerin ƙananan hukumominta? Wane gargaɗi aka riga aka nuna masa da jan rubutu? Ga shi kuma mutum ɗaya na iya buɗe shafi guda a taga biyu, ko ya koma baya sau uku ya ci gaba daga can. Fayil ɗaya na mutum ɗaya ba zai riƙe wannan duka ba sai an sami ruɗani.

Ga yadda ASP.NET ya ɓullo wa lamarin. A wurin mai rubuta manhaja, shafi tarin sassa ne, wani cikin wani: ga maɓalli, ga jerin zaɓi, ga jadawali, kowanne da siffofinsa, kamar rubutun da ke kansa, launinsa, da ko a bayyane yake ko a ɓoye. Duk lokacin da buƙata ta iso, sabar tana gina waɗannan sassa daga farko, ta gudanar da umarnin da aka rubuta, ta mayar da su HTML ta aika, sannan ta rushe su ta watsar. Ba abin da ke kwana. Amma kafin ta rushe, takan bi sassan ɗaya bayan ɗaya ta karɓi abin da ya canja a jikin kowanne tun da aka gina shi. Sai ta dunƙule su wuri ɗaya, ta mayar da su dogon rubutu na haruffa da lambobi ta hanyar da ake kira Base64, ta cusa shi a wani ɓoyayyen gurbi cikin fom ɗin mai suna __VIEWSTATE. Mai duba shafi ba ya ganinsa sai in ya buɗe asalin rubutun shafin. Da zarar ya danna wani maɓalli, burauza za ta mayar da fom ɗin gaba ɗaya zuwa adireshin da ya fito, har da wannan ƙunshi. Sabar ta sake gina sassan, ta kwance ƙunshin, ta mayar wa kowane sashe halinsa na baya, ta ɗora sabon abin da mutum ya rubuta, ta kwatanta tsoho da sabo. A nan take gane an canja zaɓi, sai ta kira umarnin da aka tanada domin hakan. Shi mai rubuta manhaja abin da yake gani kawai shi ne jerin zaɓinsa na nan cike yadda ya bar shi, kamar ba a taɓa rushe shi ba.

Wato an miƙa wa majinyaci fayil ɗinsa ɗungurungum ya tafi da shi, ya kuma dawo da shi duk zuwa. Kada a yi saurin kushe wannan, domin akwai hikima a ciki. Sabar ba ta ajiye komai, saboda haka ba ta cika. Kowace taga tana ɗauke da nata tarihin, taga biyu ba sa rikita juna, wanda ya koma baya kuma yakan tarar da halin da ya dace da shafin da ya koma. Wanda ya tashi ya yi sallah ya ci abinci ya dawo, ƙunshinsa na nan, alhali fayil ɗin da ake ajiye masa a sabar yakan mutu bayan minti 20 na shiru, yadda aka saita ASP.NET tun asali.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyi, da kuma wanda aka ɗora wa. An bar ViewState a kunne ga kowane sashe tun farko, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Jadawalin da ake kira DataGrid, wanda kowa ke so saboda layi biyu na umarni sun isa ya zubo maka bayanai daga rumbu, yana kwafe abin da ke kowane gida nasa ya zuba a ƙunshin. Jadawali mai layi 200 ya zama ana aiko shi sau biyu cikin shafi ɗaya, ɗaya na gani, ɗaya na ɓoye. Base64 kuma yana ƙara kashi ɗaya bisa uku, domin kowane bait 3 harafi 4 yake zama. Sai abin da ya fi ciwo: shafi saukowa kawai yake yi, ƙunshin kuwa sai ya sauko ya kuma hau a duk dannawa, alhali hawa ya fi sauka wuya a kusan kowane layi. Modem ɗin wayar tarho da aka fi amfani da shi a wancan zamani kilobit 33.6 yake turawa a daƙiƙa in ya ƙure gudu. Ƙunshi mai kilobait 100, wanda ba baƙon abu ba ne a shafi mai babban jadawali, zai ci kusan daƙiƙa 24 yana hawa kafin sabar ta ma san me aka danna.

Wanda ya rubuta shafin bai taɓa jin wannan nauyi ba, don burauzarsa da sabarsa suna cikin kwamfuta ɗaya ko ofis ɗaya. Na can ƙarshen layi shi ya ji a jikinsa. Duk wanda ya zauna a shagon intanet a Kano ko Zariya ko Maiduguri a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da kwamfutoci goma sha ke rabon kwanon VSAT ɗaya, ana sayar da lokaci awa-awa, ya san yadda ake zaɓar jiha a fom sai shafi ya yi fari fat, a zauna ana kallon agogo kafin jerin ƙananan hukumomi ya fito. Mai shago ya ce sabis ne, kwastoma ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Sau da yawa duka biyun suna da gaskiya, amma akwai kason jiran da aka yanke tun a teburin wanda ya tsara shafin, ranar da ya bar abin da bai ma san yana nan ba a kunne. Wannan ne ya fi damuna a duk labarin. Sauƙin da aka ba mai gini na gaske ne, sai dai daga aljihun ɗalibin da ke biyan kuɗin awa aka ciro shi, kuma babu wanda ya nemi yardarsa.

An yi ta gyare-gyare. Da mutane suka fara kashe ViewState don rage nauyi, sai wasu sassa suka daina aiki yadda ya kamata, saboda haka a ASP.NET 2.0 na 2005 aka ware ɗan abin da sashe ba zai rayu ba sai da shi, aka kira shi ControlState. A 2010 aka kawo damar kashe ViewState a shafi gaba ɗaya a kunna wa sashen da ke buƙata kaɗai, abin da ya kamata a fara da shi tun 2002.

Sauran ginshiƙai sun bi wasu hanyoyi, kowa da abin da ya tarar. A ɓangaren Java, JSF da ya fito a 2004 ya bar wa mai gini zaɓi, ko a cusa halin shafi a fom kamar ASP.NET, ko a bar shi a sabar a aika da lamba kawai. In an zaɓi sabar, akwai iyakar shafukan da za a riƙa tuna wa mutum ɗaya, a Mojarra, wata manhaja da ke aiwatar da JSF, guda 15 ne in ba a canja ba, mafi tsufa ya fita in sabo ya shigo. Apache Wicket kuwa yana adana kwafin shafukan da mutum ya gani, har a faifan sabar, don komawa baya ta yi aiki. Layi ya huta, amma an gudu ba a tsira ba: wanda ya daɗe yana cike fom, ko ya buɗe tagogi da yawa, sai ya danna aikawa a ce masa shafinsa ya ƙare, ya soma daga farko. Ga kuma ciwon kai in na'urorin sabar suka zama biyu ko goma, don dole a tabbatar mutum ya koma wadda ke riƙe da bayanansa, ko a yi ta kwafar su tsakaninsu.

Daga baya iska ta juya. Ruby on Rails a 2004, sannan ASP.NET MVC na Microsoft ɗin kansa a 2009, sun daina ɓoye wa mai gini cewa buƙata da amsa ake yi. In yana son a tuna wani abu, shi zai faɗi inda za a ajiye, a adireshi ne, a kuki, ko a rumbun bayanai. Da aka fito da ASP.NET Core a 2016 ba a tafi da tsohon tsarin ba kwata-kwata. React na 2013 da ire-irensa kuwa sun kwashe sassan shafi sun mayar cikin burauza, inda suke zaune a raye ba a rushe su, sai dai kafin su tashi dole wayar mutum ta sauke tulin JavaScript ta gudanar da shi, ƙaramar waya mai araha ta yi zafi, data ta zube. Yanzu ma an sake zagayowa, don Blazor Server na 2019 da Phoenix LiveView a sabar suke riƙe sassan, da buɗaɗɗen layi tsakaninta da burauza. A Blazor, yadda aka saita shi tun asali, in layin ya yanke sabar za ta jira minti 3, bayan nan ta watsar da abin da take riƙe. Wanda ya saba tafiya a mota tsakanin gari da gari ya san sabis in ya ɗauke ba ruwansa da minti 3.

Abin da na ɗauka daga wannan kai-komo shi ne babu ginshiƙin da ya taɓa kawar da nauyin tunawa, wuri kawai yake sauya masa, kuma inda yakan sauka shi ne kan wanda ba ya wurin lokacin da ake yanke shawara. Shi ya sa nakan ce wa ƙannenmu masu koyon aikin nan, kafin su yi murna da sauƙin sabon kayan aiki, su buɗe su ga abin da ke wucewa ta layi duk lokacin da aka danna maɓalli, su kuma san inda fom ɗin da aka cika rabi yake zaune a wannan lokacin. Chrome da Firefox duk suna da wurin da ake rage gudun layi da gangan don gwaji. Minti biyar a wurin sun isa su nuna wa mai gini abin da mai ƙaramar waya a ƙauye zai gani.

Akwai kuma bashi na biyu da ViewState ya bari, wanda ya fi na nauyi muni, kuma har yau ana biyansa. Abin da ya kwana a hannun wani, me zai hana a sauya abin da ke cikinsa? Base64 ba sirri ba ne, kowa na iya kwance shi. Masu tsara ASP.NET sun san haka, shi ya sa sabar ke buga wa ƙunshin hatimi: tana lissafa wata lamba daga abin da ke ciki haɗe da wani makulli na sirri, in ƙunshin ya dawo ta sake lissafawa, in bai dace ba ta ƙi karɓa. Aikin hatimin ya wuce hana mutum rage wa kansa farashin kaya. Sashen da ke kwance ƙunshin daga cikin ƙunshin yake karanta irin abin da zai gina, ya kuma gina shi. Wanda ya iya haɗa ƙunshin da sabar za ta yarda da shi yana iya sa ta gina abin da zai gudanar da duk umarnin da ya ga dama. A taƙaice, ya mallaki na'urar.

Yadda makullin ya riƙa fita kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne. In ba a faɗi komai ba, kowace sabar tana ƙirƙirar nata makulli. Da an ƙara sabar ta biyu saboda cunkoso, sai ƙunshin da ɗaya ta buga wa hatimi ya faɗa hannun ɗayar, ta ƙi shi, shafi ya mutu da saƙon cewa hatimi bai inganta ba. Mai gini yana cikin matsi, oga na kira, masu cike fom na ƙorafi. Ya nemi mafita a intanet ya tarar da guda biyu, ko ya kashe duba hatimin da layi ɗaya, ko ya rubuta makulli ɗaya a fayil ɗin web.config na duk na'urorinsa. Ta biyun ita ce daidai, matuƙar shi ya ƙirƙiri makullin. Amma misalan da ya tarar suna ɗauke da makulli a rubuce, sai ya kwafa ya liƙa, saƙon kuskure ya ɓace, aka ci gaba da aiki. Ban cika ganin laifin wannan mutum ba. Na fi ganin laifin tsarin da ya ce masa ba sai ya san abin da ke ƙarƙashi ba, sannan ya damƙa masa makulli bai gaya masa abin da yake buɗewa ba.

Kamfanin Microsoft kansa bai kuɓuta ba. A 2014 ya soke damar kashe duba hatimi baki ɗaya, ko mai gini ya rubuta a kashe ba a sauraronsa, wannan ya toshe hanya ta farko. Amma a Fabrairun 2020 sai ga shi yana toshe wata ɓaraka a Exchange, manhajarsa ta saƙon imel, bayan an gano cewa duk inda aka girka ta makulli iri ɗaya take amfani da shi. Duk mai akwatin saƙo a irin wannan sabar, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yana iya aika ƙunshin bogi ya karɓe ta.

A Fabrairun 2025 masu binciken tsaro na Microsoft suka sanar cewa sun gano makullai sama da 3,000 a bainar jama'a, cikin takardun koyarwa da ma'ajiyar rubutun manhaja, kuma a Disambar 2024 sun ga an yi kutse da ɗaya daga cikinsu. A Yulin 2025 aka kai hari kan na'urorin SharePoint, wata manhajar Microsoft da hukumomi da kamfanoni ke girkawa a gida a ƙasashe da yawa, kuma makullin nan yana cikin abin da maharan suka fara kwashewa da sun shiga. Dalili a fili yake: ko an toshe ƙofar da suka bi, makullin da ke hannunsu zai ci gaba da ba su damar buga hatimin da sabar za ta yarda da shi. Shi ya sa umarnin kamfanin bai tsaya ga saka gyara ba, ya ce a sauya makullan, a kuma sake tada IIS, manhajar da ke gudanar da shafukan a sabar.

Duk wanda aka damƙa wa kula da tsohon shafin da adireshinsa ke ƙarewa da .aspx, na rajistar ɗalibai ne ko na biyan albashi, wanda ya gina shi wataƙila ya daɗe da barin wurin, to ya buɗe web.config ya nemi layin machineKey. In ya tarar da makulli a rubuce kuma babu mai iya faɗa masa inda aka samo shi, ya ɗauka kwafo shi aka yi. Microsoft ya wallafa jerin alamomin makullan da suka fallasa tare da ɗan rubutun da mutum zai gwada nasa da shi. Ya ƙirƙiri sabo da kansa ya saka a duk na'urorin lokaci ɗaya, sannan ya bi sabar ya duba ko akwai fayilolin da ba a san wanda ya ajiye su ba, domin sauya makulli ba ya korar wanda ya riga ya shiga.